Wa Ke Riƙe Da Makullin Akwatin?

A 'yan shekarun nan wani ƙaramin akwati ya shiga gidajen jama'a ba tare da doguwar sallama ba. Ana ajiye shi a kan kabad ko kusa da talabijin, fitilunsa na ƙiftawa dare da rana, kuma ta cikinsa ne wayoyin mutanen gida da kwamfutocinsu ke samun hanyar fita zuwa intanet. 'Yan kasuwa suna kiransa rauta, yara kuwa Wi-Fi suke cewa su huta. Kusan duk wanda ya mallaki akwatin nan ya san makulli guda, watau kalmar sirrin da ake bugawa a waya domin a hau. Amma kaɗan ne suka san akwai ƙofa ta biyu, wadda ke kai mutum cikin cikin akwatin, inda ake yanke wanda zai shiga da wanda za a hana. Wanda ke riƙe da makullin wannan ƙofa shi ne mai akwatin, ko da kuwa ba shi ya biya kuɗinsa ba.

Akwai wani dattijo a Agege, cikin birnin Ikko, wanda wannan ƙofa ta biyu ta hana shi sakat har wata uku. Ya kama aiki a Ma'aikatar Gidan Waya da Tangaraho yana saurayi, a zamanin da in mutum yana son magana da wani gari sai ya ɗaga kan tarho ya roƙi mai haɗa waya, ya ajiye, ya zauna jira. To, shi ne mai haɗa wayar. Ya shekara da shekaru a gaban allo mai ramuka da 'yan fitilu, da abin saurare a kunnensa, yana zare igiya daga wannan rami yana cusawa a wancan. Sa'ad da aka haɗe sashen tarho na ma'aikatar da kamfanin wayar ƙasashen waje aka kafa NITEL a 1985, yana cikin waɗanda aka mayar can, daga bisani kuma ya koma wani babban ofishi yana kula da wayoyinsu har ya yi ritaya. Ya san lokacin da layukan tarho na Nijeriya duka ba su kai rabin miliyan ba, kafin wayar salula ta zo a 2001 ta shiga aljihun kowa.

'Yarsa ta fari, wadda ba ya kama sunanta saboda kunya, tana aikin jinya a Fatakwal. Ita ce ta aiko da akwatin, irin wanda ake sa wa layin waya a ciki, kuma ba don nishaɗi ta aiko da shi ba. Mahaifiyarta tana fama da hawan jini da ciwon suga, saboda haka kowane dare bayan sallar isha'i sai ta kira ta bidiyo, Hajiya ta nuna mata abin da na'urar awo ta rubuta, ta ga fuskarta, ta ga ƙafafunta ko sun kumbura, ta ƙirga ƙwayoyin maganin da suka rage. Ranar da akwatin ya iso, aka kira wani yaro mai shagon gyaran waya a bakin titi ya zo ya haɗa. Yaron ya jona shi da wuta, ya ɗan latse-latse a wayarsa kamar minti biyar, ya miƙe.

"Baba, an gama."

"Me ka rubuta a ciki?"

"Ai ba abin da zai dame ka ba ne, Baba. In ya ba da matsala ka aiko a kira ni."

Matsala kuwa ba ta jima ba. Datar da aka saya ta wata guda ta ƙare cikin kwana goma sha ɗaya, a wata na biyu ma haka, har aka yi dare uku a jere Hajiya na karanta lambobin awo ta kiran murya, tana rikita na sama da na ƙasa. Duk sa'ad da aka kira yaron sai ya zo ya duba, ya ce kamfani ne ke zuƙe data, ya karɓi na ruwa ya tafi. Kuɗin sun dami Alhaji, ba shakka, domin fansho ba ya miƙewa. Amma abin da ya fi ci masa rai shi ne a ce shi, wanda ya yi shekara talatin babu maganar da ke wucewa sai ta hannunsa, ga layi a cikin ɗakinsa bai san wanda ke kai ba.

Da jikarsa, 'yar ma'aikaciyar jinyar, ta zo hutu daga makarantar koyon sana'a, sai ya tare ta da maganar tun kafin ta huta. Tsakaninsu akwai wasan kaka da jika, yana ce mata Amarya, ita kuma tana ce masa Ango. Ta ɗauki akwatin ta kifa shi. A gindinsa akwai wata 'yar takarda da masu ƙera shi suka manna, an rubuta sunan Wi-Fi ɗin da kalmar hawansa, sa'an nan a ƙasa da ƙananan haruffa an rubuta 192.168.0.1, da sunan shiga, da wata kalmar sirri dabam. Ta gwada, akwatin ya ƙi. Ashe yaron ya sauya makullin ƙofar ciki ya tafi da shi a kansa, na waje kuwa ya bar shi yadda ya zo daga masana'anta, a rubuce, inda duk yaron da aka aika ɗakin zai iya karantawa.

"Ango, sai dai mu wanke masa kai, mu faro daga farko."

A bayan kowane irin akwatin nan akwai wani ɗan rami wanda bai fi kan tsinke ba. Ta aro allurar ɗinkin Hajiya ta cusa, ta danne kamar daƙiƙa goma, fitilun suka mutu, suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Duk abin da yaron ya rubuta ya shafe, akwatin ya koma kamar ranar da aka fito da shi daga kwali. A nan ya kamata mai karatu ya yi hattara: mai aiki da layin waya yawanci yakan koma aiki da kansa bayan wannan wanki, amma wanda kamfani ya ja masa igiya har gida yana iya ɗauke da wasu bayanan da kamfanin ya zuba masa, in suka shafe sai an sake nemo su. Ba a cusa allurar sai an tambaya.

Daga nan ta kashe datar layin wayarta, don kada wayar ta zille ta bi wata hanya, ta hau Wi-Fi ɗin da kalmar da ke jikin takardar, ta buɗe burauza, irin su Chrome ko Firefox da ake karanta shafuka da su. Alhaji ya ce shi zai buga da hannunsa. Ya sa tabarau, ya buga lambar a gurbin bincike, sai ga jerin shafukan Turanci sun zubo, babu wanda ya yi kama da abin da suke nema. Wannan shi ne tuntuɓen da ya fi kayar da mutane. Lambar ba tambaya ba ce da za a miƙa wa Google, adireshi ce, kuma gurbinta shi ne na can sama inda ake rubuta sunan shafi. Wasu kuma sukan sa harafin O a madadin sifiri, ko ƙaramin L a madadin ɗaya, su yi ta zargin akwatin alhali yatsansu ne ya kauce. Ba kuma lalle ne lambar ta zama iri ɗaya a ko'ina ba: wasu akwatunan 192.168.1.1 ne, ƙananan na aljihu da yawa 192.168.8.1, shi ya sa takardar gindin ta fi maganar maƙwabci.

Da aka buga ta a gurbinta, shafi ya buɗe nan take. Abin da ya fara ba dattijon mamaki shi ne da jikar ta gaya masa cewa shafin nan ba daga Amurka ya taso ba, ba kuma daga ofishin kamfani ba. A cikin akwatin yake zaune. Akwatin kansa ƙaramar kwamfuta ce wadda ba ta da fuska ba ta da madanni, don haka take aron fuskar waya ta yi magana da mai ita. Ko babu data ko ɗaya, ko an zare layin daga cikinsa, shafin zai buɗe.

Ya yi shiru yana duban lambar, sa'an nan ya ce ya taɓa ganinta a gindin akwatin wani abokinsa a Idi-Araba. Ta yaya gida biyu za su yi lamba ɗaya? A saninsa, in layi biyu suka yi lamba ɗaya to an yi ɓarna, sai an tashi injiniya. Jikar ta fara bayani tana inda-inda, tana jawo kalmomin da ta haddace a aji, amma asalin maganar ba ta da wuya. Tsarin lambobin intanet da aka kafa a 1981 lamba huɗu ne da ɗigo a tsakaninsu, kowace daga 0 zuwa 255, wanda in an lissafa zai ba da adireshi biliyan 4 da miliyan 294 da 'yan kai. A wancan zamani an ga kamar ba za su taɓa ƙarewa ba. Ba a je ko'ina ba aka gane za su ƙare, saboda haka a 1994 aka keɓe wasu rukuni uku, aka kuma sake tabbatar da su a 1996: duk lambar da ta fara da 10, da waɗanda ke tsakanin 172.16 da 172.31, da waɗanda suka fara da 192.168. Waɗannan ba sa fita waje. Kowane gida da kowane ofishi yana da izinin maimaita su a cikin ganuwarsa. Akwatin shi kaɗai ke da lamba mai fuskantar waje, shi ke raba wa wayoyin gida lambobin ciki, shi ke riƙe da lissafin wanda ya aika saƙo domin in amsa ta dawo ya san wa zai miƙa wa. Da wannan dabara aka yi ta jan rai har hukumar da ke rabon lambobin ta duniya ta raba na ƙarshe da ke hannunta ranar 3 ga Fabrairu, 2011, kuma da ita gidaje masu yawa ke tafiya har yau.

Tun kafin ta kai ƙarshe Alhaji ya ɗaga mata hannu. Ya ce ai wannan aikinsa ne aka ɗura a roba. A ofishin da ya yi aiki layi huɗu ne kacal suka shigo daga waje, amma tebur ya fi sittin, kowanne da lambarsa ta cikin gida. Akwai 101 a ofishinsu, akwai 101 a ofishin da ke tsallaken titi, kuma ba su taɓa karo ba, domin babu wanda zai kira 101 daga Kano ya same shi kai tsaye. Sai ya kira babbar lamba, mai haɗa waya ya ɗauka, ya tambayi wa ake nema, ya cusa igiya. In na ciki ne ke son fita, shi zai ba shi layi, ya rubuta a littafi wane ne, ƙarfe nawa, minti nawa. Ya ɗauki akwatin ya juya shi a hannu, ya ce ashe wannan ne ya gaje shi, ba ya cin abinci, ba ya zuwa salla, ba ya neman ƙarin albashi. A gaskiya ya fi jikar fahimtar abin, ita sunayen ta sani, shi kuwa ya yi aikin da hannunsa.

Burauzar ta nuna wani gargaɗi da Turanci cewa hanyar ba amintacciya ba ce. Ba abin firgita ba ne a wannan wuri, tun da maganar tsakanin waya da akwatin da ke ɗaki ɗaya ce, amma in shafin banki ne ya nuna haka, to a ja da baya. Sai gurbi biyu suka bayyana. Takardar ta ce sunan shiga admin, kalmar sirri ma admin. Dattijon ya cire tabarau ya sake sawa.

"Amarya, watau duk wanda ya sayi irin wannan, makullinsa ke nan?"

"Shi ke nan, Ango, sai in ya sauya."

Wannan sakaci na masu ƙera kaya ba ƙaramar ɓarna ya jawo ba. A 2016 wata muguwar manhaja da aka sa wa suna Mirai ta riƙa yawo a intanet tana ƙwanƙwasa ƙofofin baya na kyamarorin tsaro da akwatunan rarraba intanet, tana gwada makullan masana'anta kamar guda sittin, irin su admin ɗin nan da 12345. Dubban ɗaruruwan na'urori suka buɗe mata, masu su ba su sani ba. Ranar 21 ga Oktoba na shekarar aka tara su wuri ɗaya aka afka wa kamfanin Dyn na Amurka, har Twitter da Netflix da wasu manyan shafuka suka gagari mutane da yawa na tsawon sa'o'i. A ƙarshen wannan shekara dai wani ɗan Ingila ya juya irin wannan runduna kan kamfanin waya na Lonestar a Laberiya, har intanet ta riƙa yankewa a ƙasar, kuma wata kotun Landan ta ɗaure shi shekara biyu da wata takwas a watan Janairu na 2019. Sai a ranar 29 ga Afrilu, 2024 dokar Ingila ta fara aiki wadda ta hana sayar da irin kayan nan da makulli ɗaya na kowa da kowa. Sababbin akwatuna da yawa yanzu sukan tilasta wa mutum ya sauya kalmar tun shigar farko, amma tsofaffi suna nan cike da kasuwannin kayan gwanjo, kuma mai sayarwa ba ya ɓata bakinsa ya yi bayani.

Na Alhaji ya tilasta. Ya so ya sa shekarar haihuwarsa, jikar ta ce duk gidan an san ta. Ya so ya sa lambar wayarsa, ta ce tana rubuce a jikin ƙofar shagon da yake ba da haya. Daga ƙarshe ya haɗa kalmomi huɗu da ba su da dangantaka da juna, ya ƙara lambar wani tebur da ya fi damunsa da kira a 1988, ya rubuta a bangon littafin da yake ajiye takardun fansho. Akwai masu cewa kada a rubuta kalmar sirri a takarda, amma ga tsoho a gidansa, doguwar kalma a akwatin ƙarfe ta fi gajeruwa a ka.

Da suka shiga, kafin su taɓa komai, ya ce a nuna masa littafin. Ta fahimci abin da yake nufi, ta buɗe shafin da ke jera na'urorin da ke kan layi. Da yake kalmar hawa ba ta sauya ba, duk wanda ya taɓa samun ta wayarsa ta koma kai da kanta. Wayoyin iyalinsa biyar ne, har da ta jikar. Jerin kuwa ya kai goma sha huɗu, Tecno da Infinix da itel da Samsung, wasu da sunayen masu su a jiki. Ya karanta su ɗaya ɗaya, bai ce uffan ba. Duk 'yan hayar gidansa ne da 'ya'yansu. Ba ma sai kowa ya ga takardar ba, domin wayoyin zamani suna iya nuna kalmar a wani ɗan zane mai murabba'i wanda wata waya za ta ɗauka da kyamara, ka ga ke nan mutum ɗaya ya ishi gida. Jikar ta ce akwai inda za a ga yawan abin da kowace waya ta ci, ko yana so? Ya ce a'a. A zamaninsu an rantsar da su kada su saurari abin da ba nasu ba, ko da yake maganar ta cikin kunnensu take bi.

Sauran aikin bai ɗauki rabin sa'a ba. Suka sauya sunan Wi-Fi ɗin zuwa wanda ba ya nuna sunan mai gida ko lambar gida. Suka zaɓi kulle irin WPA2, wanda ya fito a 2004, tun da akwatin bai san WPA3 na 2018 ba, suka guji tsohon WEP da aka gano lagonsa tun 2001. Suka kashe hanyar da ke barin a sarrafa akwatin daga waje, suka sa ya ɗauko sabon gyaran manhajarsa. Da aka danna a ajiye sabuwar kalmar hawa, sai shafin ya ɓace, wayar ta faɗo daga layi, Hajiya ta leƙo daga ɗaki tana cewa ai da ma ta faɗa sai sun lalata abin yarinya. Babu abin da ya lalace. An sauya kwaɗo ne, dole kowa ya sake shigowa da sabon makulli, har wanda ya sauya shi.

Washegari da safe tela mai haya a ɗakin ƙofa ya zo gaisuwa, gaisuwar da ta fi ta kullum tsawo. Ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi jikin Hajiya, ya yi addu'ar baƙuwa, sa'an nan ya ce wai ko an ɗauke Wi-Fi ne a unguwar.

"Ba a ɗauke ba, Malam. Ƙofa aka sa masa."

Maganar ta fi ta lambobi wuya. Mutanen nan sun ci abin da ba a ba su ba, har marar lafiya ta kwana uku ba a ga fuskarta ba. Amma kuma maƙwabta ne, su ne suka ɗauki Hajiya zuwa asibiti da tsakar dare a bara, kuma a cikin jerin akwai wayar ɗan wata bazawara wanda ke shirin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta kaɗai ake yin ta. Dattijon ya kwana biyu yana juya abin, sa'an nan ya sa jikar ta sake buɗe shafin, wannan karon shi ya buga lambar a gurbinta ba tare da an nuna masa ba. A ciki akwai wurin da ake buɗe layin baƙi, mai suna dabam da kalma dabam, wanda masu hawansa za su fita intanet amma ba za su isa ƙofar ciki ba. Ya ce ai zaure ke nan, kowa ya san baƙo yana zama a zaure bai san inda rumbu yake ba. Ya buɗe shi, ya taƙaita masa gudu, ya tara 'yan haya bayan la'asar ya ce duk mai so ya kawo abin da aka yanka a farkon wata, kalmar kuma za ta riƙa sauyawa duk wata, daga ƙarfe takwas zuwa tara na dare kuwa zauren a rufe yake, lokacin Hajiya ne. Ɗan bazawarar ya ce masa ya riƙa zuwa ya karɓa a hannunsa, ba sai ya kawo komai ba.

Shida suka amince, tela ne ya fara biya. Wani direba mai ɗaki biyu a can baya ya ce shi bai ga dalilin da zai biya kuɗin iska ba, tun da ko ya hau ko bai hau ba akwatin a kunne yake, ya karkaɗe rigarsa ya tashi. Har jikar ta koma makaranta bai biya ba, bai kuma dawo da gaisuwar safe ba, kuɗin haya dai yana kawowa a kan kari.